Gwanayen Jinyar Damuwa da Magana a Nima da Maamobi

Da wuya ka ga mutumin Nima ko Maamobi a Akra ya shiga asibiti ya ce ciwon damuwa ne ya kawo shi. Abin da za ka ji shi ne kai na sarawa, ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙaura, jiki ba ƙwari, abinci ba ɗanɗano. An yi gwajin zazzaɓin sauro ba a ga komai ba, an sayi maganin taifot a kemis, an sha rubutu, abu yana nan daram. In an tsananta tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce tunani ne ya yi masa yawa. Ma'aikacin da layi ya yi wa tsawo, a nan zai rubuta farasitamol da maganin ƙarin jini ya kira na gaba. Gwanin da nake son in yaba kuwa, da jin haka yake ajiye biro ya gyara zama.

Yawancin waɗannan gwanaye nas-nas ne da suka karanci lafiyar ƙwaƙwalwa suke aiki cikin unguwanni, sai 'yan tsirarun masana halayyar ɗan Adam. Kayan aikinsu magana ce, amma ba irin wadda muka saba ba. Mu mutanen Zango ba mu rasa masu ba da baki ba. Da an ga mutum ya shiga ƙunci, kowa ya zo da nasa: a yi haƙuri, a dubi na ƙasa, a yawaita istigfari, ai wance ta ga abin da ya fi wannan. Duk gaskiya ne, kuma mai baƙin ciki na yau da kullum yana samun sauƙi da shi. Mai ciwon damuwa kuwa ya riga ya san duk wannan. Kasa aiki da shi ne ma yake ƙara sa shi ganin laifin kansa, har ya fara zargin imaninsa. Jinya da magana tana da tsari, tana da adadin zama, tana da aikin da ake ba mutum ya je gida ya yi, kuma ana auna ko tana ci ko ba ta ci.

Kafin a kai ga nan sai an tabbatar da abin da ake jinya. Akwai takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, wadda ke bin yadda mutum ya ji a makonni 2 da suka wuce, makinta daga 0 zuwa 27. Gwani ba ya karanto ta kamar mai ƙidayar jama'a, cikin hira yake saƙa ta har a gama mutum bai san an gama ba. Yana duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar maƙoƙo ta jawo kasalar. Yana tambaya ko an taɓa yin wani lokaci da mutumin ya yi kwanaki ba barci ba gajiya, yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, domin wannan wani ciwo ne daban, maganinsa daban. Sannan tambayar da kowa ke tsoro, ita ma yana yin ta kai tsaye: "Ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?" Yin tambayar ba ya saka wa mutum tunanin, sai dai ya ba shi ƙofar faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa. A Gana, yunƙurin kashe kai laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa har zuwa 2023, lokacin da majalisar dokoki ta soke hukuncin. Ka ga dalilin da ya sa mutane suka koyi yin shiru.

Daga nan ne gwanintar take fitowa, domin hanyoyin jinyar ba ɗaya ba ne. Mu ɗauki misalin wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai, mijinta ya rasu, ta yi takabarta wata 4 da kwana 10, aka yi zaton za ta koma bakin titi. Wata shida sun wuce ba ta koma ba. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa aure, makarantar mata ta ranar Asabar ma ta daina. Tana ɗaki a kwance, 'ya'ya na kawo abinci suna ɗauke shi yadda suka ajiye. Aka kai ta wurin wata nas, ta tambaye ta:

"Mma, da Baba yana da rai, da asuba me kike yi?"

"Damun koko mana, 'yata. Kafin a fito masallaci na kafa tukunya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina jiran ranar da zuciyata za ta so."

Wannan amsar ita nas ɗin take nema. Ciwon yana cin mutum ne ta wannan zagayen: ƙunci ya sa ka janye, janyewa ta raba ka da duk abin da ke sanyaya maka rai, rashinsu ya ƙara ƙuncin. Mai jiran zuciya ta so kafin ya tashi zai daɗe yana jira, domin a wannan ciwo son yana biyo bayan tashin ne. Hanyar da ake kira farfaɗo da harkoki a kan haka aka gina ta. Ba za a ce wa Mma ta koma sana'a gobe ba. Za a zauna tare da ita a zaɓi abu ƙarami ƙwarai: wannan makon ta jiƙa gero ta dama na gida kawai, sau biyu, sannan bayan la'asar ta fito da tabarma ƙofar ɗaki ko da ba za ta yi magana da kowa ba. Tun da ba ta yi boko ba, jikarta za ta riƙa yi mata zane a kalanda duk ranar da aka yi. Mako na gaba, tambayar farko a kan wannan ce. In ba a yi ba, babu faɗa, babu "ai kin yi alkawari". Sai a bincika me ya hana, a ƙara rage aikin. Wannan ragewa ita ce wahalar abin, domin kowannenmu gaggawa yake yi ya ga majinyaci ya miƙe, kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum sabuwar hujja ce kawai da zai kafa wa kansa cewa shi ba ya iya komai.

Hanyar tana da sauƙin koyarwa. A wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 440, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2016, ƙananan ma'aikata da aka koya wa ita sun samu sakamako daidai da na ƙwararrun masu gyaran tunani, kuɗin kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

To amma kawo wa wannan nas ɗin wani saurayi da ya dawo daga Libiya. Dangi sun haɗa masa kuɗi, ya ƙetare hamada, bai kai Turai ba, aka dawo da shi hannu rabbana. Ba ya zama inda samari ke shan ataya, ya fara ɗan taɓa tiramol don ya samu barci. Shi ba rashin fita ne kaɗai ke cinsa ba. Akwai wata magana da ke juyawa a kansa dare da rana.

"Ni na gama yawo. Duk Nima dariya suke mini."

"Duk Nima, ɗan'uwa? Wa ka ji da kunnenka?"

Ya yi shiru, ya ambaci mutum biyu.

"Wa ya zo yi maka barka da dawowa?"

Ya lissafa, suka fi goma.

"Da abokinka ne ya dawo haka, za ka ce masa ya gama yawo?"

Wannan ita ce hanyar gyaran tunani, wadda likitoci ke kira CBT. Likitan Amurka Aaron Beck ne ya tsara ta a Filadelfiya cikin shekarun 1960, bayan ya lura cewa majinyatansa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu ba sallama, suna baƙanta musu kansu da duniya da gobe. Aikin shi ne a kama tunanin, a rubuta shi, a nemi shaidarsa da abin da ke rushe shi, sannan a gwada shi a aikace: je ka zauna da samarin minti goma, ka dawo ka faɗa mini abin da ya faru. Gwani ba ya ce wa mutum tunaninsa ƙarya ne, domin mutum biyun nan da gaske sun yi dariyar, kuma Nima ba ta rasa masu tsegumi ba. Abin da yake warwarewa shi ne tsallen da aka yi daga "mutum biyu sun yi dariya" zuwa "rayuwata ta ƙare". Nakasun hanyar a wurinmu shi ne tana son rubutu da aikin gida, tana cin zama 12 zuwa 20, kuma koyar da mai yin ta yana ɗaukar lokaci.

Wanda yake ganin wannan duk kayan Turawa ne, ya nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934. A littafinsa kan gyaran jiki da rai ya raba baƙin cikin da ke da sanadi sananne da wanda ke sauka ba a san dalilinsa ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki. Ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya don ranar da ƙunci zai zo. Masanin Sudan Malik Badri ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci, kuma ya daɗe yana nuna kusancinsa da abin da Beck ya zo da shi bayan shekara dubu.

Hanya ta uku ita ce a ganina ta fi kama da rayuwar Zango, wato gyaran zamantakewa. Gerald Klerman da Myrna Weissman suka tsara ta a Amurka cikin shekarun 1970. Ba ta tono yarinta, ba ta bin tunani ɗaya-ɗaya. Tambayarta ita ce: me ya faru tsakaninka da mutane a lokacin da ciwon ya fara? Tana neman amsar a ɗaya daga wurare huɗu: rasuwa, rikici da wani na kusa, sauyin matsayi, ko kaɗaici. Duba gidajenmu ka gani. Matar da aka yi wa kishiya ba a ko gaya mata ba sai ranar ɗaurin aure. Wadda mijinta yake Italiya ko Jamus shekara da shekaru, tana zaune ƙarƙashin uwar miji, kuɗi na zuwa ta hannun wani. Bazawarar da ta dawo ɗakin uwarta da 'ya'ya uku. Yarinyar da ta zo daga arewa ɗaukar kaya a kasuwa, ba ta da kowa a Akra. Mai jinyar zai sa ta lissafa mutanen da ke cikin rayuwarta, wa take iya faɗa wa damuwarta, wa ke ƙara mata. In rikici ne da miji, ba ya zama alƙali, wannan aikin waliyyai ne da liman. Abin da yake yi shi ne ya tambaye ta me take so a zahiri, kwana ne ba a raba daidai ba, ko kuɗin cefane, ko dai wulaƙancin rashin shawara. Sannan su gwada maganar tare, shi ya zama mijin, ita ta faɗa, a gyara lafazi, a zaɓi lokacin da za a faɗa. Mata da yawa a nan suke gane cewa shekara guda suna fushi amma ba su taɓa faɗin abin da ke ransu da baki ba.

An gwada ta a Afirka tun da wuri. A 2003 Paul Bolton da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a ƙauyuka 30 na yankunan Masaka da Rakai a Yuganda, inda cutar ƙanjamau ta yi ɓarna. Aka haɗa mutane rukuni-rukuni, maza daban mata daban, ɗan gari yana jagoranta, mako 16. A ƙarshe, ƙasa da kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ciwon bai sake su ba, a ƙauyukan da ba a yi ba kuwa fiye da rabi. Sai dai zaman rukuni a unguwar da gida ɗaya ke ɗauke da iyali goma, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, yana buƙatar dabara. Matar da ta san 'yar ɗakin kishiyarta tana cikin da'irar ba za ta buɗe baki ba. Gwani yana tantance wa zai zauna da wa tun kafin zaman farko, wata kuma ya san ita sai dai a gan ta ita kaɗai.

Akwai kuma wanda damuwarsa tana da suna da adadi. Mai gida ya ce a biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda da shi. Ga kuɗin makarantar yara, ga bashin adashi, ga jinyar tsohuwa. Komai ya haɗu ya zama dunƙule ɗaya, mutum ya kasa taɓa ko ɗaya. Hanyar warware matsala tana sa shi ya baje su, ya zaɓi guda da kansa, ya kawo duk mafitar da ta zo masa ko da ta ban dariya ce, ya ɗauki ɗaya, a tsayar da rana da wanda za a je wurinsa. Sharaɗin shi ne mai jinya ya kame bakinsa daga ba da shawara, abin da ke da wuya ƙwarai ga duk wanda ya tashi a cikinmu. Da wannan hanya likitan Zimbabuwe Dixon Chibanda ya kafa shirin Bencin Abota a Harare, inda aka koya wa tsofaffin mata su zauna da majinyata a kan benci a harabar asibiti, zama 6. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata 6 kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon, ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Ba na cewa magana tana biyan haya. Amma mutumin da ya iya tashi ya je ya nemi sassauci ya fi wanda ke kwance yana jiran a watso masa kaya.

Wata tsohuwar hanya kuma, mai tono abin da ya faru tun yarinta, tana da masu amfana da ita, amma tsawonta da tsadarta sun sa ba ta cika zama zaɓi a asibitin unguwa ba.

Wace ce ta fi? Pim Cuijpers na Amsterdam da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 331 da suka shafi mutum sama da 34,000, suka buga a 2021. Abin da suka samu shi ne manyan hanyoyin nan duk suna aiki, kuma babu wani babban bambanci tsakaninsu. Wadda ta ɗan yi ƙasa ita ce sauraro kawai da lallashi ba tare da tsari ba. Wani zai ce to in haka ne ina gwanintar, a ɗauki kowace mana. Ni akasin haka na fahimta. Alƙaluman na jama'a ne, wanda ke zaune a gabanka kuwa mutum ɗaya ne, kuma hanyar da bai yarda da ita ba, ba zai dawo zama na biyu ba. Maɗori na ƙwarai sai ya lalubi ƙashi ya ji inda ya goce kafin ya ɗauko kara da tsumma. Haka wannan gwani yake laluben abin da ke riƙe da ciwon a jikin wannan mutum: kwanciya ce, ko wata magana da ke juyawa, ko wani mutum, ko bashi. Bayan zama 4 ko 5 ya sake yin tambayoyin nan 9. In maki bai sauka ba, ba ya ɗora wa majinyaci laifin taurin kai, sai ya canza hanya ko ya tura gaba.

Ya kuma san inda magana ta tsaya. Wanda ciwon ya yi wa tsanani, ya daina ci, ko yake shirin hallaka kansa, yana buƙatar likita da ƙwaya irin su amitriptyline ko fluoxetine, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a yanke su rana ɗaya. A irin wannan hali haɗa ƙwaya da magana ya fi kowannensu shi kaɗai. Fa'idar magana ita ce abin da mutum ya koya yana nan tare da shi bayan an sallame shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tafiya da malamai. Kusan duk wanda ya zo ya riga ya biya ta wurin malam, an yi tofi, an yi ruƙiyya, wani an ce masa sammu ne. Sabon shiga zai fara musu, majinyacin ya tafi bai dawo ba. Gwani cewa yake yi a ci gaba da addu'a, a haɗa da wannan. Zuwa jam'i ma yakan zama aikin makon, haka komawa makarantar dare. Ga wanda ke zargin imaninsa, yakan tuna masa cewa a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki. Inda yake ja layi shi ne duka, da ɗauri da mari, da hana shan magani. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta haramta ɗaure majinyata da sarƙa tun 2017.

Matsalar ita ce gwanayen ba su da yawa. Gana ta daɗe tana dogaro da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku, na Akra da aka buɗe a 1906, na Ankaful a 1965, da na Pantang a 1975, dukkansu a kudu. Sunayensu ma sun zama abin tsoratarwa, shi ya sa mai damuwa yake cewa shi ba mahaukaci ba ne, ba inda za shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce a mayar da kulawa cikin unguwanni da asibitocin gama-gari, amma sau da yawa abin da nas ke da lokacinsa shi ne ƙwaya da 'yar gajeriyar hira. Ga kuma harshe: zancen kishiya da sirrin ɗaki ba a yin sa ta bakin tafinta, kuma dattijuwar Zango da Hausa take kuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta fitar da littattafan koyar da waɗannan hanyoyi ga waɗanda ba likitoci ba, akwai mai zama 5, akwai na rukuni mai zama 8. Abin da kakannin Harare suka iya, magajiyoyin Nima da malaman makarantun mata za su iya, in an horar da su aka kuma sa ƙwararre yana duba aikinsu. Sarakunan Zango da limamai su ne ya kamata su nemi hakan daga hukuma.

Kai kuma mai karatu, in akwai wani a gidanku da ya haura mako biyu ba walwala, ya bar sana'a, ya bar mutane, barci da ci sun rikice, kada ka tsaya a "yi haƙuri". Raka shi Babban Asibitin Maamobi ko asibitin da ya fi kusa, ku nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, ku tambaya ko akwai jinya da magana, zama nawa ce, kuma yaushe za a sake aunawa. In ya taɓa ambaton mutuwa, ku je yau, kuma kada a bar shi shi kaɗai.